La'adar Dayod

Lahadi

Ɗan ƙanwata da ke karatun lantarki a kwalejin kimiyya da fasaha ya zo hutu, ya taho da takardar tambayoyin da za su tarar idan an koma. Ta uku ce ta tsaya masa a wuya. Batir mai bolt 5, rizista mai om 1,000, da dayod na silikon, an jera su bi da bi a hanya ɗaya, an ce a nemo yawan wutar da ke gudana. Ya cika shafi guda da lissafi, duk yana neman om nawa ne dayod ɗin, don ya tara da na rizista ya raba, yadda dokar Ohm ta saba masa tun sakandare.

Na ce ya huta da wannan neman. Dayod ba shi da wani om tsayayye da za a rubuta a ajiye. Dokar da Georg Ohm ya wallafa a 1827 ta waya ce da rizista, inda in ka ninka boltej wuta ma ta ninku. Abin da zai fisshe mu a nan dokar Kirchhoff ce: bolt 5 ɗin da batir ya bayar, rizista da dayod ne za su raba shi tsakaninsu, ba ragi ba ƙari. Littafi ya ce dayod na silikon yana riƙe 0.7. Saura 4.3 ke nan a kan rizista. A raba 4.3 da 1,000, a samu miliamfiya 4.3. Tunda kuma hanyar ɗaya ce, wutar da ta ratsa rizista ita ce ta ratsa dayod.

Ya rubuta, ya ja layi biyu a ƙarƙashin amsar. Can sai ya ɗago kai.

"Kawu, shi wannan 0.7 ɗin wa ya auna shi?"

Na daɗe ina koyar da fizis, kuma ɗaliban da suka taɓa yi mini wannan tambaya ba su da yawa. Haddacewa ake yi a wuce, jarrabawa ma ba ta neman fiye da haka. Na ce ya shirya, gobe za mu shiga kasuwa.

Litinin

A Sabon Gari muka sayo kayan: 1N4007 baƙaƙe masu zobe fari a gefe ɗaya, 1N4148 ƙanana masu jikin gilashi, 1N5819, ƙwayayen LED ja da fari, rizistoci iri-iri, da allon gwaji. Daga nan muka biya rumfar wani dattijo mai gyaran rediyo da na sani tun ina saurayi. Yanzu rediyo ta yi ƙaranci a teburinsa, caja da fitilu da inbata sun cika shi, amma ƙarfen narka dalmarsa na nan a inda na san shi.

Bayan gaisuwa na gaya masa abin da ya kawo mu. Bai ce komai ba, ya murɗa mitarsa zuwa alamar dayod, ya ɗora jan tsinke a ƙafar da ba zobe, baƙi a ƙafar zobe. Mita ta nuna 0.57. Ya juya dayod ɗin, ba ta nuna komai ba.

Yaron ya ce, "Baba, littafi fa 0.7 ya ce. Ko jabu aka sayar mana?"

Baba ya yi dariya. "Lafiyarsa ƙalau, ɗana. Shi dayod dillali ne. Ba ya barin kaya su wuce sai ya cire la'adarsa, kuma la'adar kwano guda ba ɗaya take da ta buhu hamsin ba."

Ban taɓa jin an faɗi abin a taƙaice haka ba. Ita mita, idan tana gwada dayod, 'yar wuta take tura masa, wajen miliamfiya ɗaya, sai ta karanta abin da ya riƙe. A wannan 'yar wutar 1N4007 ba ya kaiwa 0.6. Takardar bayanin masu ƙera shi kuwa ta ce idan aka ɗora masa cikakken amfiya 1 da aka yi shi dominsa, yana iya riƙe har bolt 1.1. To 0.7 ɗin littafi yana wani wuri ne a tsakani.

Shi Baba ba ya lissafi. Gwajinsa uku ne: in mita ta nuna tsakanin 0.5 da 0.7 ta gefe ɗaya, ta yi shiru ta ɗayan, dayod na da rai. In ta nuna sifili ta kowane gefe, ya haɗe. In ta yi shiru ta kowane gefe, ya yanke. Da wannan ya ci abinci shekara da shekaru, kuma ga aikin da yake yi ya isa.

Ya gwada mana 1N5819, irin da ake kira Schottky, wanda ƙarfe ne aka haɗa da silikon a cikinsa: 0.2 da 'yan kai. Jan LED ya ɗan yi haske a bakin tsinken, mita ta nuna 1.7. Sannan ya jawo wani gwangwanin madara, ya zazzage, ya tsinto dayod na jamaniyum da ya ciro daga tsohuwar rediyo. Wannan 0.3 ya riƙe. Irinsa ake sa wa a wurin da rediyo ke tsamo murya daga siginar tasha, domin siginar ba ta da ƙarfin da za ta biya la'adar silikon. Kafin jamaniyum ma da dutse ake yi. A 1874 Bajamushe Ferdinand Braun ya lura cewa in aka ɗora tsinin waya a kan wasu duwatsu, wuta ta fi son bi ta gefe ɗaya. Cikinsu har da galena, dutsen da ake niƙawa a yi tozali, kuma da shi aka yi rediyoyin farko marasa batir. Da na faɗi haka Baba ya ce ashe kakarsa ta sha zizara dayod a ido ba ta sani ba.

Talata

Da safe, kafin rana ta yi zafi, muka shimfiɗa tabarma a zaure muka haɗa allon gwaji. Wutar bolt 5 daga fawabank, dayod 1N4148 guda ɗaya, rizista kawai muke canzawa. Shi ke riƙe da mita, ni ke rubutu.

Da rizista mai om 47,000, dayod ya riƙe 0.50, wuta ta kama wajen miliamfiya 0.096. Da mai 4,700, ya riƙe 0.61, wuta 0.93. Da mai 470, ya riƙe 0.72, wuta 9.1.

Na bar shi ya kalli lambobin. Wuta ta ninku kusan sau ɗari daga gwajin farko zuwa na ƙarshe, boltej kuwa 0.22 kacal ya ƙaru. Abin da ya fi wannan kyau shi ne matakin iri ɗaya ne: duk lokacin da wuta ta ninku sau goma, dayod ya ƙara 0.11. Shi da kansa ya gano haka, na ga fuskarsa ta canza.

Wannan tsari yana da lissafinsa, wanda William Shockley na ɗakin binciken Bell a Amurka ya fitar a 1949, shekara tara bayan Russell Ohl, a wannan ɗakin binciken, ya ci karo da mahaɗar da ke cikin dayod a wani guntun silikon mai tsaga. Ga shi:

I = Is × (e^(V/nVT) − 1)

Yaron ya ɓata fuska da ya gan shi, amma ba shi da wuyar da ake zato. Is wata 'yar wuta ce ƙanƙanuwa ƙwarai, kowane dayod da tasa. VT ya dogara da zafi kaɗai, a digiri 27 yana kusan milibolt 26. Ita n lamba ce tsakanin 1 da 2, gwargwadon yadda aka ƙera dayod ɗin. In n ɗaya ce, ninkin wuta sau goma yana cin milibolt 60, wato 26 sau 2.3. Namu ya ci 110, ke nan n ɗinsa ta kusa 1.8.

Dalilin abin kuwa a cikin silikon ɗin yake. Gefe ɗaya an gauraya shi da ɗan fosfaras, yana da rarar elektoron. Ɗayan an gauraya shi da boron, yana da gurabe da ba kowa. Inda suka haɗu sai wani shinge ya kafu da kansa ya hana ketarawa. Boltej ɗin da aka sa ta gaba yana rage tsawon shingen, kuma duk ɗan ragin da aka yi, adadin elektoron masu kuzarin tsallakawa ninkuwa yake yi, ba ƙaruwa da ɗaiɗai ba.

Saboda haka maganar da ake yi a aji cewa dayod a rufe yake sai boltej ya kai 0.7 sannan ya buɗe, ba haka take ba. A 0.50 namu yana wucar da wuta, mun gani da idonmu. Na sa shi ya zana jadawali sau biyu a takardar murabba'i. Da ya yi ma'aunin gefe har miliamfiya 10, layin ya kwanta a ƙasa, ya tashi tsaye wajen 0.65. Da ya yi shi har 0.1 kawai, sai gwiwar ta koma wajen 0.45. Dayod ɗin bai canza ba, takardar ce ta canza. Mun saba da 0.7 ne domin yawancin aikin yau da kullum a 'yan miliamfiya ake yinsa, kuma a nan ne silikon ke riƙe kusan haka.

Laraba

Yau ya tashi da zafin sabon sani. Ya ce amsar da muka bayar ranar Lahadi ƙarya ce, tunda 0.7 ba gaskiya ba ne, zai je ya gaya wa malaminsu. Na ce kafin ya je ya ɗauko kalkuleta.

Matsalar ita ce boltej ɗin dayod ya dogara da wuta, wuta kuma ta dogara da boltej ɗin dayod, kuma aljabarar sakandare ba ta raba wannan gardama. Amma akwai hanya mai sauƙi: a yi zato, a gyara, a sake gyarawa. Mun san namu yana riƙe 0.61 a miliamfiya 0.93, yana ƙara 0.11 a kowane ninki goma. Mu fara da zaton 0.7, wuta 4.3. Wannan ya ninka 0.93 sau 4.6, logaridim ɗinsa 0.66, a ninka da 0.11 a samu 0.073. Ke nan dayod zai riƙe 0.683. A mayar cikin lissafi: 5 a cire 0.683, a raba da 1,000, miliamfiya 4.32. Ya sake zagayawa, lambar ta ƙi motsi.

Tsakanin 4.30 da 4.32 bambancin bai kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba. Rizistar da ke hannunsa mai zoben zinariya ce, wato masu ƙera ta sun yarda ta kauce da kashi 5 cikin ɗari sama ko ƙasa. Wanda ya ɓata lokaci yana farautar 0.02 da irin wannan rizista, wahala kawai ya saya. Malaminsu bai yi ƙarya ba.

Sai na canza masa tambayar. A cire bolt 5, a sa tsohon batirin tocila da ya sauka zuwa bolt 1, rizista tana nan yadda take. Da 0.7 amsa 0.30 ce. Da ya bi hanyar zato da gyara, dayod ya sauka 0.556, wuta ta hau 0.44, ya sake, 0.575 da 0.425, daga nan ta zauna a wajen 0.43. A nan 0.7 ya rage kusan kashi 30 cikin ɗari na amsar.

Abin dubawa ke nan kafin a fara lissafi: nawa ne ya rage wa rizista bayan dayod ya ɗauki nasa? In ragowar tana da yawa, kuskuren 0.05 ko 0.1 a kan dayod ba ya komai, rizista ce ke yanke hukunci. In ragowar 'yar kaɗan ce, wannan kuskuren shi ne rabin amsar. In kuwa babu rizista sam, aka haɗa dayod kai tsaye da batir, to ba mai riƙe linzami. Ƙarin 0.11 ninki goma ne, ƙarin 0.22 ninki ɗari, kuma 1N4148 ko rabin amfiya ba a yi shi ya ɗauka ba. Ya so ya gwada ya ga hayaƙi, na ce da kuɗinsa.

Alhamis

An ɗauke wuta tun dare, zafi kuwa sai wanda ya gani. Da la'asar ma'aunin zafin da ke zaure ya nuna 41, alhali da asuba 28 ne. Mun bar haɗin rizista 4,700 yadda yake tun safe, don haka muka samu gwaji kyauta: da asuba dayod ya riƙe 0.611, da la'asar 0.584.

Silikon haka yake, duk digiri ɗaya na ƙarin zafi yana rage kusan milibolt 2 daga abin da yake riƙewa, in wutar ba ta canza ba. Abin yana da tsari har ana amfani da shi wajen auna zafi. Cikin ƙwaƙwalwar kwamfuta ma akwai dayod da aikinsa ke nan. A allonmu wuta ta tashi daga 0.93 zuwa 0.94, wato ba abin da ya faru, albarkacin rizista. Da a ce boltej ne aka ɗaure a 0.611, wannan milibolt 27 da ta ƙara wutar da wajen kashi 75 cikin ɗari. Ƙarin wuta ƙarin zafi, ƙarin zafi ƙarin wuta, har abu ya ƙone.

Shi ya sa ba a haɗa dayod biyu kafaɗa da kafaɗa a ce za su raba kaya daidai. Wanda ya ɗan fi zafi zai ja fiye da rabonsa, ya ƙara zafi, ya ƙara ja. Fitilun caji masu arha da ake jera ƙwayaye da yawa a kan rizista guda, abin da ke cinye su ke nan: ɗaya ya mutu, sauran su gaji rabonsa, su bi shi ɗaya bayan ɗaya. Lambobin da ke takardun masu ƙera kaya kuma a digiri 25 ake auna su. Wanda zai rufe dayod cikin akwati a ƙarƙashin rufin kwano a Kano cikin Afrilu, ya san ba da shi aka yi wannan awon ba.

Juma'a

Bayan an sauko daga masallaci ya ce zai haɗa wa mahaifiyarsa fitilar kicin da batirin solar gidansu. Farin LED uku a jere, kowanne yana riƙe wajen 3.1 a miliamfiya 20, jimla 9.3. Ya cire daga 12, ya raba 2.7 da 0.02, ya samu om 135.

Lissafin daidai ne, batirin ne ba 12 ba. Batirin da ake kira mai bolt 12 yana kaiwa 12.6 in ya cika, yana hawa har 14.4 lokacin da rana ke cajinsa. A 14.4 ragowar ta zama 5.1, kuma a kan om 135 wannan miliamfiya 38 ne, kusan ninki biyu na abin da ƙwan zai jure. Irin tambayar Laraba ce ta dawo da wasu kaya: ragowa kaɗan, motsi kaɗan, wuta ta yi tsalle. Ya sake lissafi daga 14.4, ya samu 255, ya ɗauki rizista mai 270. Da rana wuta 19, da dare in batir ya sauka 12.4 ta koma wajen 12. Da ƙwai biyu ya jera maimakon uku, da hasken ya fi tsayawa wuri ɗaya, amma rabin ƙarfin batir a rizista zai ƙare a matsayin zafi. Da uku kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai. Ya zaɓi uku, ya ce a gidansu batir ne ke ƙarewa kafin asuba.

Ya tambayi dalilin da ja ke riƙe ƙasa da 2, fari ya haura 3. Launin ne. Hasken shuɗi ya fi ja kuzari, kuma kuzarin daga boltej ɗin da ƙwan ya riƙe yake fitowa. Farin LED shuɗi ne aka shafa masa wani sinadari mai mayar da wani ɓangaren hasken rawaya. Jan tun 1962 Nick Holonyak ya yi shi; shuɗin ya ba masana wuya har farkon shekarun 1990, kuma a kansa ne Akasaki da Amano da Nakamura suka karɓi kyautar Nobel a 2014.

Asabar

Mun koma rumfar Baba don ya liƙe mana fitilar da dalma, muka tarar da wani mai shagon caji ya kawo farantin sola mai wat 100. Wani ne ya sa masa dayod a kan wayar don kada batir ya riƙa mayar da wuta cikin farantin da dare. Dabarar ba laifi, amma 1N4007 aka sa, kuma ya ƙone har ya tsage.

Baba ya miƙa wa yaron guntun kwali da biro. "To, ɗan boko, gaya masa abin da ya kashe shi."

Ya juya farantin ya karanta takardar da ke manne a baya: wajen amfiya 5.5 a tsakar rana. Dayod ɗin na amfiya 1 ne. Sannan ya ci gaba ba tare da an tambaye shi ba. Ko da an sa babban dayod na silikon mai ɗaukar amfiya 10, a wannan wutar zai riƙe wajen 0.9, kuma 0.9 sau 5.5 kusan wat 5 ne, duk zafi, a jikin abin da bai kai kan yatsa ba. Schottky zai riƙe wajen 0.5, zafin bai kai wat 3 ba.

Baba ya tambayi mutumin ko yana da kontirola. Ya ce a'a, kai tsaye yake haɗawa. Baba ya ce ita kontirola da kanta take tare wutar dare, kuma tana yanke caji in batir ya cika, abin da dayod ba zai taɓa yi ba. Mutumin ya ce sai ƙarshen wata, yanzu dai a rufa masa asiri.

Baba ya jawo wani mataccen faranti daga ƙarƙashin tebur, ya ɓalle akwatin bayansa, ya ciro ɗaya daga cikin Schottky ɗin da ke ciki, mai amfiya 15 da bolt 45. Ya liƙa ƙafafunsa da waya mai kauri, domin ta ƙafafun zafin ke fita. Aka fitar da farantin rana, aka haɗa da batir. Yaron ya auna: wuta amfiya 5.2, dayod ya riƙe 0.46. Ya ninka a kwalin, wat 2.4. Na taɓa shi da yatsa, da zafi, amma ana iya jurewa na ɗan lokaci.

Baba ya ce kada ya naɗe shi da salatif, kada kuma ya bar shi a rana. Mutumin yana ƙirga kuɗi ya ce, "Baba, wannan zai kai yaushe?"

"Shi zai daɗe. Batirinka ne ba zai ga damina ba in ba ka sayi kontirolar nan ba."